Sa Hannu Na Bakwai

Akawun ofishin rajista ya turo takardun ta ƙarƙashin taga ba tare da ya ɗago kai ba.

"Sa hannu shida na gani a nan, Mista Gittens, doka kuwa bakwai ta ce. Dokokin ƙungiya kwafi biyu sun yi, suna ya yi, adireshin ofis ya yi. Amma ko gwamna ne ya zo mini da mutum shida, haka zan mayar da shi."

Osbert Gittens ya tattara takardunsa, ya ɗaure su da zare, ƙulli ɗaya tak wanda ba ya zamewa. Karo na uku ke nan da ya shiga motar Bridgetown, babban birni, saboda wannan magana. A hanyar dawowa ba wanda ya zauna kusa da shi, ga kuwa mata a tsaitsaye da kwandunan kifi.

Ƙungiyoyin taimakon juna a garinsu Speightstown ba a rasa su. Mutum ya zuba 'yan kwabbai duk mako, in ya kwanta ciwo a kawo masa agaji, in ya mutu a sayi akwati, a raka shi da waƙa har bakin kabari. Tun da Osbert ya bar aikin gwamnati yake neman shiga. Kowace ya je sai a ce masa littafi ya cika. Ranar da likita ya gaya masa zuciyarsa ba za ta kai shi Kirsimeti biyu ba, ya yanke shawarar kafa tasa.

Sashe na huɗu shi ya fi ba shi wahalar rubutawa: duk ɗan ƙungiyar da ya rasu, sauran shida su ɗauki akwatinsa a kafaɗa. Abin da yake tsoro shi ne a loda shi a amalanken hukuma, a kai shi rami ba mai bin baya.

Mutum biyar ya samu da ƙyar. Akwai makaho Ezekiel, da wata tsohuwa mai wanki da ba ta ji sosai, da masunta biyu wa da ƙani da suka zo daga tsibirin St. Vincent bara, da Dudley, wanda zai sa hannu a kan komai in an saya masa kwalba. Da shi kansa, shida.

Ya je wurin fasto. Fasto ya ce zai sa shi a addu'a, bai kuwa zare hannunsa daga aljihu ba.

Ya je shagon barasa na bakin kasuwa, inda mazan unguwa ke wasan domino, suna buga 'ya'yan wasan a kan tebur. Yana shiga aka daina buga tebur.

"Mutum ɗaya nake nema," in ji Osbert. "Zubin shekarar farko ni zan biya masa."

"Ni ko hularka ba zan riƙe maka ba," in ji wani kafinta.

Wani ƙaton direba da giya ta fara ɗiba ya miƙe yana dukan ciki. "Ranka ya daɗe, an ce kai ba ka buƙatar sikeli. Faɗa mana nauyina, in sa maka hannu."

Osbert ya dube shi sau ɗaya, daga ƙafa zuwa haɓa, ya faɗi lambar kafin ya yi tunani. Daidai ce. Ba wanda ya yi dariya. Direban ya koma ya zauna, ya ɓalle maɓallin rigarsa na sama, ya sake mayar da shi.

Ran Asabar da la'asar Osbert yana zaune a baranda da kwanon tuwon masara da kuɓewa, yana kallon teku, sai ya ji ƙofar shinge ta yi ƙara. Ya daɗe bai ji ta ba sai in shi ne ya buɗe.

Ma Eudora Skeete ce, wata dattijuwa mai sayar da alewar kwakwa a kasuwa. Shekara goma sha ɗaya in ya doso teburinta sai ta rufe kayanta da tsumma. Yau ga ta a tsakar gidansa da baƙar hularta.

Ya miƙe da sauri har cokali ya faɗi. "Ma Eudora, ga kujera."

"Ba zama ya kawo ni ba. Ina takardun?"

A tsaye ta karanta su, tana bin layi da yatsa. Da ta zo sashe na huɗu ta daɗe.

"Kana tsoron a binne ka ba kowa," ta ce.

"Ina tsoro."

"Ba waƙa, ba fasto, ba wanda zai san wajen."

"Haka ne."

Ta gyaɗa kai a hankali. "Ba ni alƙalami."

Ta rubuta sunanta harafi ɗaya bayan ɗaya a layi na bakwai. Osbert ya tsaya yana kallon tawadar tana bushewa. Ya fara godiya, ta ɗaga masa hannu.

"Riƙe godiyarka. Ran Litinin ka kai musu, su buga hatiminsu. In ranarka ta zo zan sa kafaɗata, in dai ƙafafuna sun yarda. Amma yanzu ni da kai 'yan ƙungiya ɗaya ne, ɗan ƙungiya kuwa ba ya hana ɗan'uwansa taimako."

Ta zaro wata farar takarda daga jakarta, ta shimfiɗa a kan tebur kusa da kwanon tuwon, ta mayar masa da alƙalamin.

"Hukuma ba ta ba ni gawa ba, ba ta nuna mini kabari ba, waɗanda suka tsaya a wurin kuma duk sun mutu sai kai. Zana mini a wane lungu na gidan yari kuka binne ɗana, bayan ka kwance igiyarka daga wuyansa."