Baƙuwar Hillat Dabo

Zubairu na bisa rufin masallaci yana kwance faifan sola, sai ladan ya leƙo daga ƙasa yana tambayar da me zai kira azahar in lasifika ba ta da wuta. Zubairu ya ce da maƙogwaro, yadda kakanni suka yi.

Hillat Dabo ɗan gari ne a bakin Farin Nilu, kudu da madatsar Jabal Awliya. Mahajjata masu tafiya a ƙasa ne suka yada zango a wurin don su ɗan huta, ga shi har yau hutun bai ƙare ba. Akwai tsohon masallacin ƙasa, da lunguna masu sanyi, da jiragen masunta jere a inuwar bagaruwa. Kyau kam Allah ya yi. Sai dai kyau ba ya hana kifi ruɓewa, kuma Rahmatu matar Zubairu ta kai maƙura. Ƙanƙarar da ake sayowa daga birni tun a hanya take zama ruwa, rabin kamun mijinta kyanwoyi ke yin biki da shi. Ta rantse bayan Salla za ta kwashe yara su koma Omdurman wurin yayanta, in ya ga dama ya biyo baya. Shi kuwa Zubairu gara a zare masa haƙora da ya bar garin da aka binne cibiyarsa.

Ana cikin haka Walid, ɗan ƙanensa da ke kwandastan bas a tashar Suk al-Shabi, ya bugo waya. Wai wata mata daga kamfanin yawon buɗe ido tana zaga tsofaffin garuruwa a farar mota, za ta zaɓi ɗaya a riƙa kai mutanen birni shan iska ranar Juma'a. Zama irin na mutanen da take nema, ko batir ba ta son gani. Nan take Zubairu ya hango mafita: baƙi su ci kifi da zafinsa, ba ruwan kowa da ƙanƙara, Rahmatu ta zauna a ɗakinta.

Shi ya sa gari ya tashi tsaye. Aka lulluɓe janareton mai shayi da tabarma, aka ɗora masa tulu. Faifan kallon ƙwallo aka sauke aka shanya kuɓewa a ciki. Wayoyin gari kaf aka zuba a tukunya aka rufe. Rakshar liman, babur ɗinsa mai ƙafa uku, aka tura cikin dawa, aka aro jakuna har da gurgu. Tsohuwa Nana A'isha aka zaunar gaban dutsen niƙan da rabonta da shi tun tana amarya, tana niƙa tana tsine wa Zubairu ƙasa-ƙasa.

Da hantsi farar mota ta tsaya a bakin gari. Matar da ta fito, sanye da wasu ƙattin takalma, ta ce sunanta Ghada. Kafin ta ƙara wata kalma Zubairu ya tare ta da marhaba, ya sa ta gaba.

Ya nuna mata masallaci, ita tana kallon sama. Ya nuna mata kogi, ta juya masa baya tana auna tazarar gari da titi da ido. Ta riƙa dukan ƙasa da dunduniya, ta tambayi iyakar inda ambaliya ke kaiwa, ta daɗe tana duban tsayin itatuwa. Zubairu ya ce a ransa, masu boko haka suke jin daɗin abu. Da suka zo wucewa ta gaban tukunyar nan wata waya ta ɗauki kiɗa, sai ya ce ai kwaɗin Nilu ne, haka suke kuka in sun ga baƙo.

Aka shimfiɗa tabarma a gindin bagaruwa, aka kawo gahawa mai citta, dattawa suka kewaye ta.

"Ya Hajj," in ji Ghada, "duhu ba ya damun ku?"

"Wane duhu, Ustaza? Mu da farin wata muka saba. An taɓa kawo mana ƙwan fitila, tsofaffi suka yi ciwon ido, kaji suka daina ƙwai. Duk wanda ya kafa mana ƙarfe a garin nan, mu da shi sai gaban Allah."

Dattawa suka gyaɗa kai kamar ƙadangaru. Ghada ta juya wajen Rahmatu ta tambaye ta yadda suke adana kifi. Zubairu ya kafe matarsa da idon roƙo, don ya san bakinta. Rahmatu ta haɗiyi abin da ta haɗiya, ta ce shanyawa suke yi, kuma ya fi daɗi.

Idon baƙuwa ya ciko da ƙwalla. Ta ce ta zaga garuruwa da yawa, kowa kuka yake kawo mata, ba ta taɓa ganin masu wadatar zuci irinsu ba. Ta yi alkawarin ba za ta bari a taɓa musu ko bulo ɗaya ba.

Daɗi kamar ya kashe Zubairu. Ya rako ta har mota, Rahmatu na biye da ƙullin busasshen kifi na tsaraba. Da Ghada ta shiga ta rufe ƙofa, ya zagaya wajen direba, ya ɗaga murya yadda matarsa za ta ji, ya tambayi wace Juma'a bas ɗin farko na masu shan iska zai iso.

Direban ya dube shi sama da ƙasa.

"Wane bas, ya ammi? Injiniyar lantarki ce. Gari ɗaya za a ja wa wuta bana, naku ne a sahun farko, amma ta ce zunubi ne a ɓata muku shi, ta bai wa garin gaba."