Mai Kallon Taswira

Kin ce darussa sun yi wa 'yarki yawa a ƙaramar sakandare, gara a bar mata waɗanda ranta yake so. Zauna tukuna, 'yar'uwa, ki ji labarin wata.

Yarinya ce a wani gari da ko kogi babu, sai tafki mai ƙafewa da rani. A bangon ajinsu akwai tsohuwar taswira, gara ta cinye gefenta, amma shuɗin tekun bai koɗe ba. Tun ranar da malamin labarin ƙasa ya ɗora sandarsa a kan shuɗin nan ya ce duk ruwa ne, hankalinta ya bar garin. In an shiga lissafi, jikinta yana kan benci, ita kuwa tana can cikin kwalekwale. In malamin kimiyya ya zana jijiyoyin jiki a allo, sai su zame mata koguna masu gangarawa teku. Darasin Faransanci da rana tsaka yake zuwa, lokacin da kwanon rufi ya ɗau zafi. Malamar doguwa ce mai sanyin murya. Tana faɗa ana maimaitawa, muryoyin aji suna tashi suna sauka, yarinyar nan sai ta kwantar da kai a kan hannu tana jin su kamar igiyar ruwa, har barci ya yi gaba da ita. Wata rana malama ta tsaya a kanta ta ce, "Ke mai son tafiya, da wane baki za ki gaisa da mutanen can?" Murmushi kawai ta yi. A ganinta, teku ba ya tambayar mutum yare.

Ta girma, ta yi aure, ta kama sana'ar atamfa. Sana'ar ce ta tsallakar da ita iyaka zuwa wani birni na bakin teku, da ƙaramar 'yarta a goye. Ta ga ruwan da ido, ya fi na bango faɗi, iskarsa tana bar wa leɓe gishiri. Ta daɗe a tsaye, ƙafafunta cikin yashi, ta ma manta abin da ya kawo ta. Washegari 'yar ta tashi da zazzaɓi, wuyanta ya sandare, tana kuka in haske ya taɓa idonta. Uwar ta ruga da ita wani ɗakin shan magani. Ma'aikaciyar jinya ta karɓe ta hannu bibbiyu, tana ta jero tambayoyi, kuma duk da Faransanci. Sautin ba baƙo ba ne a kunnenta. Ta san tashinsa, ta san saukarsa, har tana jin ƙamshin alli da zafin kwano. Ta rufe ido ta laluba can cikin ajin nan, ko za ta kamo kalmar "wuya", ko "jiya", ko "amai". Ta ga bakin malama yana motsi kamar daga ƙarƙashin ruwa, amma ba abin da ya iso gare ta sai gaisuwar safe. Gaisuwar nan ta yi ta maimaitawa, hawaye na zuba. Aka ba yarinya maganin zazzaɓin cizon sauro, alhali ciwon ba shi ba ne. Sai da la'asar aka samo wata mai sayar da goro daga kasuwa ta yi tafinta, nan take aka gane sanƙarau ne, aka sake magani. Yarinya ta rayu, alhamdu lillahi, amma kunnenta ɗaya bai sake ji ba. Har yau in uwar za ta kira ta, sai ta zagayo ta dama.

Shekarun ƙaramar sakandare, 'yar'uwa, yaro bai san inda ƙafarsa za ta kai shi ba, mu ma da muke koyar da shi ba mu sani ba. Shi ya sa ake ɗura masa kowane fanni kaɗan-kaɗan tun yana zaune a inuwa. Hausawa sun riga mu faɗa: ba a fafe gora ranar tafiya.