Hanyar Magani Zuwa Ƙafa

Ranar da san huɗa ya harbi Baba a gonarmu ta Mahuta, ƙaurinsa na hagu ya kumbura ya yi baƙi, ga masara tana jiran huɗa. Kaka, mahaifiyarsa, ta latsa wurin ta ce, "Jini ne ya kwanta, sai an tashe shi."

Bayan la'asar ta daka citta da tafarnuwa da gangamau a ƙaramin turmi, warin ya cika tsakar gida. Na ɗauka shafa masa za ta yi, sai na ga ta tafasa, ta tace ruwan mai ruwan ɗorawa, ta miƙa masa ya shanye.

Na ce, "Kaka, ciki fa ya tafi. Ya za a yi ya gane wace ƙafar ce?"

Ta goge yatsunta da bakin zani ta ce, "Tuwon da kike ci, wa ya nuna masa hanya har kika yi tsawo?"

Ban gamsu ba. Na tsuguna gaban ƙafar Baba, ina jiran in ga launin ɗorawar ya sauko ta ƙarƙashin fata, har ya kore ni da dariya.

Ya warke, amma har yau ban san ko maganin ne ko hutun ba. Bana likita ya rubuta mini ƙwayoyi saboda gudan jini a ƙafata, ya yi mini bayani na fahimta sarai. Duk da haka, da na haɗiye, sai in ɗage zani in leƙa ƙaurina.