Koren Dodon Wendell

"Kana ƙaunar ɗan Adam, na ji. To ni akuya ce?"

"Haba Maxine, ko kofi ban sha ba."

Wendell Prosser ne ya ƙirƙiro shirin talabijin ɗin nan na jirgi mai yawo tsakanin taurari, inda baƙi da fari da mai ido uku ke cin abinci a kwano ɗaya. Duk Los Angeles ta haddace huɗubarsa: ciwon duniya ɗaya ne, ba ma kallon juna. Ya maimaita wa matarsa ita a safiyar nan, idonsa a kan jarida.

Maxine ta sosa bayan kunnenta, ta gindaya masa sharaɗi. Kafin Juma'a ya faɗi inda take wuni, ko kuwa ta koma wajen yayarta a Fresno. Ya ce ai a gida take wuni, ina kuma? Ta ce ya sake lale. Ya fita yana mitar warin roba da ya addabi gidan kwanan nan.

A wurin ɗaukar shirin akwai wani koren dodo mai kan roba, wata shida da ɗaukarsa aiki, ba a rubuta masa ko kalma ɗaya ba. Wendell bai taɓa tambayar wane ne a ciki ba. Suna, in ji shi, shi ke raba kan mutane. Kullum da rana yakan zauna kusa da shi ya zazzage masa cikinsa, dodon kuwa ya miƙo masa burodi da nama, ba albasa, daidai yadda yake so.

Ran Juma'a ya iso wujiga-wujiga. Ya zauna, ya ture wani akwatin tafiya da ke gefen dodon, ya shiga lissafo masa wuraren da yake zaton matarsa na wuni: coci? gidan gyaran gashi? silima? Kowanne ya ambata, dodon ya girgiza kai. Wendell ya ɗauka tausayi ne, har idonsa ya kawo ruwa.

"Ɗan'uwa, kai kaɗai ke saurarona. Da matata ta yi rabinka, da na huta. Cire kan nan in ga fuskar mutumin kirki."

Dodon ya sa hannu biyu ya tuɓe. Wendell ya daɗe yana kallon fuskar, gumi na gangarowa da koren fenti ta bayan kunne.

"Maxine," ya ce, "to wa na bari a gida?"