Muryar Maliki da Ta Rage

Ɗayyabu manomi ne a wani ƙauye kusa da Suki. Wansa Maliki ne ya sa shi buɗe akwatin imel bayan ya tafi Libiya neman aiki. Kiran waya da tsada a lokacin, don haka Maliki yakan rubuto saƙo ya maƙala hotuna: ga shi a garejin da yake aiki, ga matar da ya aura a can, ga ɗiyarsu Hanan ranar suna. Wani lokaci har muryarsa yakan naɗa ya aiko.

Ranar kasuwa Ɗayyabu kan shiga shagon intanet na Abdussalami a Suki, ya karanta, ya kalli hotuna, ya koma gida ya ba mahaifiyarsu, Inna Huseina, labari da baki.

"Ya Ɗayyabu, sayo filash, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, in sauke maka saƙonnin nan," in ji Abdussalami wata rana. "Kowane saƙo ya zama fayil, da hotonsa da muryarsa a ciki."

"Ina za su tahi? Ai suna nan cikin akwati."

"Akwatin aro ne, ba naka ba. In ka daɗe ba ka leƙa ba, sharewa ake yi."

"Halas, shi ke nan, sai wani zuwan," in ji Ɗayyabu.

Gab da faɗuwar damina wani saƙo ya zo, da murya a maƙale. Maliki ya rubuta cewa wannan maganar ta Inna ce ita kaɗai, a kai mata ta ji da kunnenta. Ɗayyabu bai zo da abin saukewa ba, ga motar ƙauyensu tana ta ƙaho a waje. Ya ce a ransa mako mai zuwa ma rana ce.

Ruwa ya sauka, hanya ta zama laka, mota ta daina shiga. Daga shuka sai noma, daga noma sai korar tsuntsu a gonar dawa, sai girbi. Watanni suka shuɗe, Ɗayyabu bai taka shagon Abdussalami ba.

Ana tsakiyar sussuka aka bugo waya. Mota ta kife da Maliki a hanyar Sabha, har an yi masa sutura a can.

Da masu ta'aziyya suka ragu, Inna ta kira Ɗayyabu.

"Ka ce ɗan'uwanka ya aiko mani magana. Tahi ka kawo mani ita."

Ya tafi Suki, ya sayi filash, ya zauna gaban kwamfuta. Akwatin ya buɗe fayau, babu ko saƙo ɗaya. Abdussalami ya gwada duk dabarar da ya sani, daga baya ya dafa kafaɗarsa.

"Malesh, sai haƙuri, ɗan'uwa. An share."

Ɗayyabu ya sauka bakin kogi ya zauna har rana ta karkata. Bai san da wane baki zai gaya wa tsohuwa ba. Da ya daure ya faɗa mata, ba ta yi masa faɗa ba. Ta juya fuskarta ga bango ta ce, "Allah ya sa alheri ya ce." Da ma dukansa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Abin ya ci gaba da cinsa, har ya buga wa ƙanwarsu Sakinatu waya, wadda ke aikin jinya a Hasahisa, ya faɗa mata abin da ya faru. Ta ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Ina nan tafe."

Ta zo da kwamfutar hannu da ta aro a wurin abokiyar aikinta. Ta zauna a gefen gadon Inna ta ce duk saƙon da Yaya Maliki ya aiko musu ita da Ɗayyabu, takan sauke shi sukutum ya zama fayil, ba rubutun kaɗai ba, har abin da ke maƙale a jiki.

Ta buɗe na farko. Ga Maliki riƙe da jaririya, yana dariya har haƙoransa a waje. Inna, wadda ba ta taɓa ganin jikarta ba, ta kai yatsa ta shafa fuskar yarinyar.

"Goshin ubanta ne," in ji ta.

Sakinatu ta danna wani. Sai ga muryar Maliki ta cika ɗakin, yana yi wa kowa barka da salla, yana cewa duk Libiya babu mai miyar kuɓewa irin ta Inna. Ana jin kukan Hanan a bayansa, yana rarrashinta. Inna ta yi dariya, hawaye na zuba.

"Sake sa mani," in ji ta. Aka sake. Maƙwabta mata suka shigo, aka sake.

Ɗayyabu ya ja ƙanwarsa gefe. "Na ƙarshen fa? Wanda ya ce na Inna ne?"

"Kai kaɗai ya aika wa, Yaya."

Ya sunkuyar da kai. Inna ta ji su. Ta miƙo hannu ta kama nasa, ɗayan kuma ta kama na Sakinatu.

"Wanda ya tahi ya tahi," ta ce. "Na ga jikata, na ji ɗana yana dariya. Alhamdu lillahi. Sakinatu, Allah ya yi maki albarka, ya ba ki masu yi maki."

Ɗayyabu ya ce amin da ƙarfi fiye da kowa. Kafin Sakinatu ta koma, sai da ya sa ta kwafa masa fayilolin duka, ta kuma koya masa yadda ake yi.

Mai karatu, saƙon da kake ƙauna kada ka bar shi a akwatin imel kawai. Sauke shi ya zama fayil tare da hotuna da muryoyin da ke maƙale, ka ajiye a wuri fiye da ɗaya, kuma yau za ka yi, ba gobe ba.