Kakin Zuma a Cikin Garaya

Kai Tanimu, da gemunka da 'ya'yanka biyu, ka rasa wanda za ka tambaya sai ni? Ka turo mini waya a fuska, wai in duba maka jita, in faɗa maka ko ta kanti za ka saya ko ta wurin masu ƙerawa. Ni da ko allo ban wanke ba, ina ruwana da jita, balle babbar nan mai kaurin murya kamar ta bijimi? Janye mini abin nan daga ido. Amma tunda da ita kake son ciyar da gidanka, zauna ka ji.

An yi wani makaɗin garaya da ya gaji ubansa wajen yi wa mafarauta kiɗa. Gadon kuwa suna ne kawai, don garayar tsohon gara ta riga ta cinye ta. Ana nan sai aka yi wa sarkin dawa haihuwa da tsakiyar damina, ya aiko masa cewa ya zo ranar suna. Kowa ya san me aiken yake nufi. In kiɗa ya yi, ya zauna a mazaunin ubansa. In bai yi ba, ga wani makaɗi a ƙauyen gaba ya daɗe yana leƙe. To, mai sassaƙa garaya yana can bayan rafi, tafiyar wuni guda cikin caɓi, kayansa kuma ba su da ado ko na kwabo. Kasuwa kuwa ga ta a bakin ƙofa. Nan ya tarar da dillali ya rataye wata garaya an naɗe ta da jar fata, tuntu na reto, har da ɗan madubi a wuya. Dillali ya taɓa tsirkiya sau biyu, ya ce irinta sai gidan manya. Makaɗi ya ji daɗin maganar fiye da amon, ya biya, ya rungumo ta.

Saura kwana uku suna aka wuni ana ruwa, fatar garaya ta saki. Ya yi abin da kowane makaɗi yake yi, ya kara ta kusa da murhu don ta ɗame. Can ya ji ɗumi a cinyarsa. Ya duba, sai ga kakin zuma yana ɗiga daga ƙarƙashin jar fatar. Ya kaɗa tsirkiya, sai ka ce ana bugun fasasshiyar ƙwarya. Ya daɗe zaune yana kallon madubin nan, yana ganin fuskar kansa. Da gari ya waye ya naɗe wando, ya shiga caɓin da ya guda tun farko.

Ya iske tsohon mai sassaƙar a gindin ɗorawa da gizago a hannu. Tsoho ya karɓi garayar. Ya sa wuƙa ya ɓare jar fatar, ga tsaga tun daga baki har gindi, an cusa mata kaki. Ya shafa ta da yatsa ya ce, "Ai aikina ne. Bara ta tsage mini a hannu, na jefa ta cikin itacen girki. Dillalin nan ya roƙa na ba shi, ashe riga ya je ya ɗinka mata." Sai ya shiga ɗaki ya fito da wata, tsirararta, ba tuntu ba madubi. Ya sa makaɗi ya ƙwanƙwasa bayanta da kansa, ya bi ta da farce ko'ina, ya kara ta a wuta har fatar ta yi zafi. Ko ɗigo. Sannan ya ce, "Wannan ma tana da nata. Wuyanta ya ɗan karkata hagu, ka riƙa ɗame tsirkiyar sama kafin ta ƙasa. Ban da shi ban san mata aibi ba, in ka gano wani ka dawo, ka san gidan."

Ranar suna da safe mata suka yi ta dariya ta bayan zana, wai ɗan marigayi ya zo da muciya. Bai kula su ba. Ya zauna, ya ɗame ta sama kafin ta ƙasa, ya saki taken da ubansa yake yi wa sarkin dawa. Ba a kai ƙarshe ba wani tsohon maharbi da ya shekara bai miƙe ba sai da sanda ya tashi yana taka ƙasa. Sarkin dawa ya sa aka shimfiɗa wa makaɗi buzu a inda ubansa yake zama. A kan buzun nan ya tsufa, da garayar nan mai karkataccen wuya.

To ka ji. Hannu ɗaya ya sassaƙa su duka biyun, amma dillali riga ya sani, mai gizago shi ya san tsaga. In za ka saya, je wurin waɗanda suka ƙera, ka bar kallon fenti, ka tambaye su aibinta. Wanda ya ce maka ba ta da ko ɗaya, ɗauki takalminka. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ku kuma da kuka yi mini tsuru-tsuru da kunnuwa, da ku ake? Maza kowa ya wanke ƙafa ya hau tabarma. Tanimu, kwashe 'ya'yanka, ka ja mini ƙofar.