Rigar Saƙi a Hannun Tela

Tunda ka ce kanka ya ɗaure tun ranar da aka yi maka haihuwa, gyara zama in ba ka misalin wani tela. Gwani ne na gaske, idan ya dube ka sau ɗaya ya san faɗin kafaɗarka. Bayan ɗinki kuma Allah ya jarrabce shi da son tantabaru. Ya jera musu tukwane a saman soro, ya san kowace da kamanninta, ya san wadda ta yi ƙwai da wadda mijinta ya gudu. Ana nan matarsa ta haifi ɗan fari, namiji, aka sa masa sunan mahaifin telan wanda ya rasu. Da mai jego ta dawo daga wanka a gidansu, sai tsohuwar telan ta buɗe adaka ta ciro babbar rigar saƙi ta marigayin, wadda ta daɗe tana ɓoyo, har yanzu da ƙamshin turarensa. Ta miƙa wa ɗanta, ta ce ya yanka wa mai sunan malam 'yar riga a ciki, tana so ta ga angon nata sanye da ita ranar Sallah. Ba ta roƙi komai ba sai wannan. Tela ya karɓa da hannu biyu, ya ce ai wannan aikin yini ɗaya ne.

To, ka san kunyar ɗan fari. Ba ya iya ɗaukar yaron a gaban tsohuwa, sai da ya faki idonta ya ɗora tef a ƙirjin jariri a gurguje, kamar mai sata, ya tafi shago ya yanka. Kafin ya ɗora a keke, masu ɗinkin biki suka cika benci. Da ya sallame su, aka aiko cewa muzuru ya hau soro, ya bar komai ya ruga. Haka kwanaki suka yi ta tafiya. Yana kan keke hankalinsa na soro, yana soro yana jin kukan yaro a tsakar gida, ya sauko zai leƙa ɗaki sai ya tuna mai shadda yana jira. Ya sa hannu a aljihu neman alli ya ciro gero. Ya nemi almakashi har ya gaji, ashe yana cikin tukunyar tantabara. Wata rana matarsa ta aike shi sayen maganin yaro, ya dawo da sabuwar tantabara a hammata, ya tsaya a bakin ƙofa yana tunanin me ma aka aike shi. Ba mugu ba ne, yana son ɗansa har cikin ransa, kawai kullum gani yake gobe ma rana ce. Ranar da ya gama rigar ya kawo ta gida yana washe baki, kan yaron ya ƙi shiga wuyanta. Ya juya ta, ya sake aunawa da tef, awo daidai yake, bai kuskure ko ɗan yatsa ba. Ya rasa inda matsalar take, har sai da matarsa ta ce masa, "Ai shi ba ya jira, kullum ƙaruwa yake."

Ya ce ba komai, akwai sauran yadi. Maimakon ya zauna ya auna yaron, sai ya dogara da idonsa na gwani, ya ƙara yatsu biyu a kan tsohon awo ya sake yankawa. Azumi ya kama, ɗinkin Sallah ya taru har rufin shago, tantabaru kuma suka fara ƙyanƙyasa. Riga ta biyu ta kwanta a ƙarƙashin kayan mutane, sai a jajibirin Sallah ya zaro ta ya haɗa. Da safe aka gwada. Wuya ya shiga da ƙyar, hannuwa suka maƙale, yaro ya tsandara kuka, da uban ya miƙa hannu zai rarrashe shi sai ya ƙara ƙanƙame uwarsa, don bai saba da wannan fuskar ba. Abin da ya rage na saƙin bai fi tafin hannu ba. Ɗan tela guda ya yi Sallarsa ta farko da rigar kanti da uwarsa ta saya don gudun ko-ta-kwana.

Tsohuwa ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ɗauki 'yan rigunan biyu ta shimfiɗa a cinya, ta shafa su, ta kai hanci ta shinshina. Ta ce, "Shekara da shekaru rigar malam tana adakata ko zare bai zare ba. Ga ta yau, ba ta malam ba, ba ta mai sunan malam ba." Ta ninke su ta mayar cikin adaka ta rufe. Tela ya tsaya a tsakar gida, kunya da baƙin ciki sun cika shi. A sama tantabaru suna fuka-fuki suna jiran gero, a zaure wani yana ta sallama yana neman wandonsa, a ɗaki yaro bai daina kuka ba, shi kuwa ya rasa ƙafar da zai fara ɗagawa.

Kai ma ka duba abin da ka cusa a bakinka, ka san wanda zai iya jira da wanda ba zai jira ba. Hausawa dai sun riga sun faɗa, taura biyu ba ta taunuwa.